Usur ɗin Baffa Ƙa'idance

Silin gashi guda ɗaya ne ya jawo mana Baffa. Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da na karɓi burodin nan na cinye shi da gashin, in kora da ruwa, a wuce wurin.

Ni ce mai sa burodi a leda a gidan burodin Hajiya. Abokan aiki suna kirana Barkono, wai ba a taɓa ni a kwana lafiya, ni kuma ban taɓa musa musu ba. Wani mai shayi ne ya yanka burodinmu a gaban masu saye, ya zaro gashi zaƙaƙam, ya ɗaga shi sama kamar ya kamo kifi, daga nan bai zame ko'ina ba sai ofishin dubagari. Washegari sai ga shugabarsu da kanta, wata 'yar siririyar mata mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya. Ta zagaya ɗakin kwaɓi, ta leƙa tanderu, ta shafa yatsa a kan teburin murza ta duba, sannan ta buɗe jakarta ta nuna wa Hajiya wani ƙaton kwaɗo.

"Hajiya, wannan gargaɗi ne na ƙarshe. In na dawo na sake samun wani abu a cikin burodinki wanda ba burodi ba, wannan zan rataya miki a ƙofa."

Ranar Hajiya ko ruwa bai wuce mata ba. Gidan burodin nan shi kaɗai marigayi mijinta ya bar mata ita da marayu, da shi take ciyar da su, da shi mu ma muke ciyar da namu. In kwaɗon nan ya hau ƙofa, tukwane da yawa ne za su kife.

Ana cikin wannan juyayi sai ga Baffa ya faɗo, jaka a hammata, birori jere a aljihun gaba. Shi ƙanin marigayi ne, autan ɗakinsu. Yaran Hajiya ke ce masa Baffa, mu ma muka ara. Ya taɓa aiki a wani babban kamfani. Waɗanda suka san shi a can sun ce a bakin ƙofa yake zama yana ɗaga wa motoci ƙarfe, amma in daga bakinsa ka ji, shi ne shugaban sashen bin doka da kawar da haɗari, kuma ko atishawa manaja zai yi sai ya aiko an tambaye shi ko doka ta yarda. Ba ya magana biyu bai ce "a ƙa'idance" ba, shi ya sa a bayan idonsa muke kiransa Ƙa'idance.

"Yaya Hajiya, share hawayenki," in ji shi. "Wannan ai aikina ne, a kansa na yi furfura."

"Baffan yara, hula kawai za mu saya wa kowa, da takunkumi, a ƙara tsafta. Shi ke nan."

"Hula!" Ya yi wata dariya ta tausayi. "Hula a ka take zama, Yaya. Ni so nake doka ta zauna a jini. A ƙa'idance, abin da gidan nan ya rasa shi ne al'adar bin doka. Ki ba ni wuƙa da nama, in mayar miki da shi wurin da dubagari za su riƙa zuwa ɗaukar darasi."

Hajiya ta san shi ciki da bai, amma ƙanin miji ne, mijin kuma yana ƙasa. Ta yi masa kara, ta ce to, Allah ya taimaka.

Da safe ya tara mu a tsakiyar ɗakin kwaɓi, ya haye kan buhu da takalmansa don kowa ya gan shi. Tsoho mai gasa burodi, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya ce, "Baffa, fulawa ce fa ka taka."

"A ƙa'idance, doka ba ta fara aiki sai na gama karanta ta."

Ya gama karantawa bai sauko ba. Ya zazzage wata leda a kan tebur, sai ga usur na roba kala-kala irin na 'yan ƙwallo, kowanne da igiyarsa. Ya sa kowa ya rataya ɗaya a wuya. Nasa kuwa na ƙarfe ne mai ƙyalli, a jikin wani kirtani ruwan zinare da ya ciro daga labulen ɗakinsa.

"Daga yau kowa ɗan sandan ɗan'uwansa ne. Ka ga wani ya karya doka, ka busa. Wanda aka busa wa, shi ke wankin gwangwani. Wanda ya busa, ya tashi aiki da wuri."

Duk wanda bai taɓa aikin burodi ba ba zai gane muguntar hukuncin nan ba. Gwangwanayen da ake gasa burodi a ciki ne, tuli guda, ga maiƙo ga baƙin ƙauri, sai an kankare su da ruwan zafi har yatsu su yi yaushi. Da ma bi da bi muke yi, kowa yana tsine wa ranarsa.

Dogo mai kwaɓi ya ɗaga hannu. "To in mutum biyu suka busa wa juna fa?"

"Wanda ya fi ƙara shi ke da gaskiya."

Ba a je ko'ina ba aka ga inda gizo ke saƙar. Dokar farko a allon Baffa ita ce ba a cire takunkumi a ɗakin kwaɓi. To ta ina mutum zai busa usur da takunkumi a baki? Dogo ya hango hular Tsoho ta karkace, ya ja takunkuminsa ƙasa, fiiit! Ni kuma na ga Dogo baki buɗe a kan kwaɓi, na ja nawa, fiiit! Tsoho ya ga nawa bakin a waje, ya rama. Masu murza suka ga mu ukun, suka haɗa baki, mu kuma muka juya kansu. Kafin ƙiftawar ido babu mai takunkumi a gidan, babu wanda ba a busa wa ba, babu wanda bai busa ba. Doka ta biyu kuma ta ce duk wanda ya taɓa usur sai ya wanke hannu, sai ga mu duka a layin famfo muna hararar juna. A baya can kwaɓi ya kumbura abinsa, ya tumbatsa daga baho, ya gangaro ƙasa yana neman hanyar fita.

Ƙofa ta bugu. Tela maƙwabcinmu ne ya faɗo da almakashi a hannu, mai faci na biye da shi da ƙarfen cire taya.

"Ina ɓarawon? Ta ina ya bi?"

Baffa ya tare su yana murmushi. "Babu ɓarawo, maƙwabta. Al'ada muke ginawa."

"Al'ada?" in ji Tela. "Da wannan ihun? Saboda ku na haɗe hannun rigar mutum da wuyanta na ɗinke!"

"Wannan haɗarin sashenka ne, ba na nawa ba."

Mai faci ya ce, "Ni kuwa masu babur duk sun daina tsayawa a wurina. Da sun ji fiiit sai su ɗauka jami'an hanya ne, su yi kwana su koma. Don Allah in an gama ginin al'adar a gaya mana, mu zo mu taya ku tarewa."

Baffa ya bi su da kallo, ya juyo gare mu. "Kun ji? Tasirin tsarin har ya fita waje."

Washegari ya zo yana cewa bai runtsa ba yana tunani, kuma ya samo mafita irin wadda manyan kamfanoni ma ba su kai gare ta ba. Ya aro almakashin Tela, ya bi takunkumanmu ɗaya bayan ɗaya ya huda su a tsakiya. Yanzu usur zai zauna a baki dindindin ta cikin hudar, ba cirewa, ba taɓawa. Kai jama'a! Mutum ai sai ya yi numfashi. Gidan burodi ya koma kamar akurkin 'yan tsaki, ko'ina fit, fit, fit. Tsoho da ke haki in ya ɗaga farantin gwangwani, shi kaɗai ya busa wa kowa a gidan ba da niyya ba, ya zama kullum shi ke tashi da wuri, mu muna kankara.

Da Dogo ya yi ƙorafi, Baffa ya ƙara doka. Magana ma an hana ta a wurin aiki, domin baki na kawo yawu, yawu kuwa haɗari ne. Komai da usur za a faɗa. Busa ɗaya hula ce, biyu hannu, uku wuta. Akwai doguwa da gajeriya, akwai mai karkarwa, har da ta neman izinin zuwa bayan gida, wadda ta yi kama da ta wuta kamar an tsaga kara. Sau biyu Baffa yana rugowa da bokitin yashi yana tarar da mutum a matse yana taka rawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wata dokar da ya liƙa a ƙasan allo, cewa duk sashen da aka samu ɓarna, mai sashen ke da laifi. To wa zai tona wa kansa? Ragar tagar ɗakin fulawa ta yage, mai kula da ɗakin ya jingina kwali a wurin ya yi gum. Da can in abu ya lalace sai mu ƙwala wa Hajiya kira, ta yi faɗanta, a gyara. Yanzu kowa ya zama gwanin rufa-rufa, ido na kan hular ɗan'uwa.

Rannan Baffa ya sunkuya a kan baho yana duba kwaɓi, gemunsa na lilo. Na cika kumatuna na busa masa wata irin busa da sai da birorinsa suka zubo.

"Barkono! Wa kike busa wa?"

Na tofar da usur. "Gemunka, Baffa. Gashi ne ya kawo mu nan, kai kuma ga dami guda a haɓarka ba rufi."

"Gemun shugaba ba ya zuba. A ƙa'idance, mai sa ido ba a sa masa ido. Kuma kin yi magana. Gwangwani!"

"Mai dokar barci…"

"Me kika ce?"

"Na ce Allah ya ƙara basira."

Da na gama kankara na shiga wurin Hajiya, yatsuna kamar an dafa su. Na ce, "Hajiya, mutumin nan zai kashe mu, ya kashe gidan nan."

Ta yi tagumi. "Ina ji, Barkono, ai ba kurma ba ce ni. Amma in na ce masa ya bari, gobe dangin marigayi su ce na ci dukiyar ɗan'uwansu na kore su. Ku yi haƙuri da shi, zai gaji."

Bai gaji ba. Ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi, tasa kuwa ta fara zaƙi. Wata safiya muka zo muka tarar an jera benci a ƙofar gida, an kafa rumfa, an ɗora tebur da farin mayafi. Ashe Baffa ya je ofishin dubagari da ƙafarsa ya gayyato shugabar.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Baffan yara! Kiran su ka yi? Mutanen da muke addu'a su manta da mu?"

"Matsoraci ke jiran hukuma, Yaya. Gwani kiranta yake yi. Na gayyaci maƙwabta ma, da mai shayin nan da ya kai mu ƙara, ya zo ya ga yadda ake aiki."

Ya ce za a gasa burodi na musamman, ƙato guda ɗaya kamar matashin kai, wanda shi da hannunsa zai yanka a gaban jama'a. Ya tsaya a kan Dogo yayin da injin kwaɓi ke juyawa, ya sunkuya yana nuna masa da yatsa yadda ake kwaɓi, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi. Kirtanin labule dai kirtanin labule ne. Ya saƙale a bakin baho, ya tsinke, usur ɗin ƙarfe ya faɗa tsulum, kwaɓi ya naɗe shi ya haɗiye. Na gani, Dogo ya gani. Baffa kuwa ya riga ya juya yana gyara birorinsa.

Dogo ya kashe inji ya hau busa iyakar ƙarfinsa.

"Nawa ke nan? Uku? Wuta!" Baffa ya yi wajen bokitin yashi.

Dogo ya fizge takunkumi. "Baffa, ba wuta ba ce, usur ɗinka ne…"

"Magana! A gaban kwaɓi! Yau, ranar baƙi!" Ya kai hannu ƙirji zai busa masa, ya ji wayam. Ya shafa wuya, ya shafa aljihu, idonsa ya yi ja. "Wa ya sace min usur?"

"Shi nake son gaya maka, ya…"

"Shiru! Zagon ƙasa ne, na san da shi. Duk mai kawo gyara sai ya yi maƙiya. Bayan taro zan binciki kowa, da kai zan fara. Matsa daga nan, kwaɓin nan ba mai sake taɓa shi sai ni."

Ya kinkimi kwaɓin gaba ɗaya, ya dunƙule shi, ya danna a babban faranti, ya raka shi har bakin tanderu, ya ja kujera ya zauna gadi. Dogo ya dube ni, na dube shi. Na bar ledata na ruga wurin Hajiya, na same ta a rumfa tana gaisawa da mutane, murmushin dole a fuskarta.

"Hajiya, usur…"

"Na sani, na sani, usur ya ishe ku. Ku daure, yau kaɗai ce."

"Ba haka ba ne, Hajiya, a cikin…"

"Barkono, don girman Allah, ba yanzu ba. Ga motarsu can."

Shugabar dubagari ta sauko da jakarta a kafaɗa. Baffa ya jera mu a gefen rumfa, kowa da hula da hudajjen takunkumi da usur a baki, muna fit, fit a hankali. Matar ta tsaya ta daɗe tana kallonmu ta saman tabarau.

"Me ya sa takunkumansu duk a huje?"

"Sabuwar fasaha ce, ranki ya daɗe. Ni na ƙirƙiro."

"Na ga alama."

Aka fito da burodin, mutum biyu suna riƙe da farantin, ya yi ja ya yi kyau, ƙamshi ya cika titi. Baffa ya gyara murya ya yi jawabi. Ya faɗi yadda ya samu gidan nan cikin duhun jahilci, da yadda ya dasa doka a jinin ma'aikata har ta yi saiwa. Ya nuna mai shayi da wuƙa ya ce yau ko da madubin likita ya zo ba zai samu ƙwayar ƙura ba. Ya ce shi a tsarinsa haɗari ba rage shi ake yi ba, binne shi ake yi.

Tela ya ce daga benci, "A yanka mana mu shaida, yawunmu ya tsinke."

Baffa ya ɗora wuƙa a tsakiya ya danna. Wuƙa ta tafi sumul, ta tafi, sai ƙaras! Ya ɗan tsaya. Ya leƙa cikin tsagar, ni kuma ina kallon fuskarsa lokacin da ya hango abin da ke ƙyalli a ciki. Gumi ya karyo masa nan take. Ya dubi shugabar, ya ga tana goge tabarau da gefen mayafinta. Sai kawai ya cusa yatsu ya ɓantaro wurin, loma guda mai girman dunƙulen hannu, ya tura a baki.

"A ƙa'idance," in ji shi da cikakken baki, "shugaba ke fara ɗanɗanawa."

Ya yi ta juya loma, yana haɗiyar burodin kaɗan-kaɗan, yana tsotsa, kumatu ɗaya a kumbure. Burodi ya wuce, ƙarfe ya ƙi wucewa. Shugabar ta mayar da tabaranta.

"Malam, ina da tambaya. In ma'aikaci ya ga wani abu ya faɗa cikin kwaɓi, wa yake gaya wa?"

Baffa ya gyaɗa kai yana murmushi, leɓe a rufe gam.

"Da kai nake. Wa yake gaya wa?"

Ya ɗaga yatsa alamar a ɗan jira. Ya nuna sama, ya nuna ƙirjinsa. Fuskarsa ta fara canza launi, don ya riƙe numfashi tun ɗazu. Mai faci ya ce, "Ku ba shi ruwa, daɗi ya shaƙe shi." Mai shayi ya taso da kyakkyawar niyya ya ɗirka masa duka a gadon baya.

Fiiiiit!

Tsit aka yi. Baffa ya toshe baki da tafin hannu, ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi.

Fit.

To mu kuma an riga an dasa mana doka a jini. Ga mutum a gabanmu ba takunkumi, ba hula a gemu, yana cin abinci a bakin aiki, ya tsoma yatsu a burodi bai wanke hannu ba. Ban san wanda ya fara ba, ko da yake ina zargin kaina. Gaba ɗaya muka saki usur a kansa, ɗaya, biyu, uku, doguwa, gajeriya, har da ta bayan gida. Masu babur a titi suka yi ta taka birki. Tela ya faɗo daga benci yana riƙe ciki, mai faci na bubbuga ƙarfensa a ƙasa yana hawaye.

Shugabar ta miƙa tafin hannu da hankici a kai. Baffa ya sunkuya ya tofa usur ɗinsa, da guntun kirtani ruwan zinare a jiki.

"Gwaji ne, ranki ya daɗe," in ji shi yana haki. "Da gangan na sa shi, don in gwada idon hukuma."

"To idon hukuma ya gani." Ta juyo gare mu. "Ku cire abin nan daga bakinku. Wa ya san akwai ƙarfe a cikin burodin nan?"

Dogo ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa.

"Me ya hana ku faɗa?"

"An hana mu magana," in ji Dogo. "Na busa, aka ce wuta ce."

Na ce, "Ni na je zan faɗa, aka ce ba yanzu ba."

Ban kalli Hajiya ba, amma shugabar ta kalle ta. "Hajiya, duk wannan wasan a gabanki aka yi shi?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. "A gabana. Ƙanin mijina ne, na ji nauyinsa, na yi masa kara."

"Da wani yaro ya haɗiyi ƙarfen nan, da karar ba ta fito da shi ba." Ta zuge jakarta. "Ki yi haƙuri, kwaɗon nan bai san kara ba. Ranar da kika gyara gidanki, ki zo da kanki ki same ni."

Dariya ta ɗauke a rumfar kamar an yi ruwa an ɗauke. Aka ba Tsoho dama ya kashe tanderu, muka kwaso takalmanmu da jakunkunanmu, aka ja ƙofa. Ƙarar rufuwar kwaɗon nan ba ta kai ta usur ba, amma ita ce ta shige min har cikin ciki. Na tuna yarana. Motar dubagari ta tafi ta bar mu cirko-cirko a titi, da hula a ka.

Wani zai ce a nan Baffa zai nemi ƙasa ta tsage ya shige. Ina! Ya karkaɗe riga, ya je ya girgiza kwaɗon ya ji ƙarfinsa, ya juyo yana gyaɗa kai.

"Yaya Hajiya, in kika duba da idon ilimi, ba a yi asara ba. A ƙa'idance, yanzu haka babu mai karya doka ko ɗaya a cikin gidan nan. Haɗari ya ƙare kaf. Ko babban kamfanin da na yi aiki bai taɓa kai wannan matakin ba."

Hajiya ta ɗago kai. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai Baffan yara.

"Auta."

Ya ɗan razana. "Na'am, Yaya?"

"Na shigo gidanku kana yawo ba wando. Ni na yi ta wanke maka tabarma kana fitsarin kwance har ka fara gemu, ina shanyawa a bayan ɗaki don kar yayanka ya gani. Ban taɓa busa maka usur ba. Tun ranar nake rufa maka asiri, yau ga shi na rufe da abincin marayu. Ɗauki jakarka."

"Yaya, a ƙa'id…"

"Ɗauki jakarka, Auta, tun ban ƙara da labarin ranar da akuya ta bi ka ba."

Ya ɗauka. Ya bi gefen titi da sauri-sauri, jaka a hammata, Tela na ƙwala masa kira wai ya dawo masa da almakashinsa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta je ta dafa ƙofar, ta daɗe a tsaye, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Sannan ta dawo ta zauna a bencin da aka jera wa baƙi, ta yafito mu da hannu, muka matso muka kewaye ta.

"Laifina ne," in ji ta. "Na toshe kunnena, kuka toshe bakinku. To ga ni, ga ku, ba inda za mu je. Duk abin da ya lalace a gidan nan wanda kuka gani kuka yi shiru, ku faɗa min yanzu. Ba wanda zan yi wa faɗa."

Muka kalli juna, an daɗe ba a yi magana ba har baki ya yi nauyi. Tsoho ya yi gyaran murya ya fasa. Dogo ya sosa ƙeya.

Na ce, "Hajiya, gyara zama. Ni zan fara, kuma da ke zan fara."

Ta gyara zama, ta ce tana ji.